Yumɓun Ta Lungu

A kamfanin tallan nan da ke saman shagon masu sayar da fenti, ba a cewa Oga. Mai kamfanin da kansa ya hana. Ya ce su iyali ɗaya ne, don haka kowa ya kira shi Yaya, har da Anti mai riƙe da lissafin ofis, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Ba su da yawa a wurin. Ban da Yaya da Anti, akwai Mai Hoto, da samari biyu masu rubuta kalmomin talla, sai mai zane, wadda teburinta ke can ƙurya bayan firinta. Shi ya sa kowa ke ce mata Ta Lungu.

Aikinta zana tambari ne, da fosta, da kwalin sabulu, da duk abin da kwastoma ya kawo. Kuma babu abin da ta taɓa zanawa da bai dawo da "ɗan gyara kaɗan" ba. A ƙara girman tambari. A'a, a rage shi. Jan ya yi ja da yawa. Matar kwastoma ba ta son shuɗi. Ta Lungu ba ta musu, tana gyarawa. Aikin da aka ɗauke ta ke nan, kuma ta iya shi.

Abin da ba ta iya ba shi ne Alhamis. Duk Alhamis da yamma akan ture tebura gefe, a kawo shayi da biskit, a kafa kyamara, a yi abin da Yaya ya raɗa wa suna Nuna Naka. Mutum ɗaya zai fito ya nuna abin da yake yi don jin daɗin ransa in ya tashi daga aiki. Sai a ɗauka, a sa kiɗa, a ɗora a shafin kamfani, don duniya ta ga irin masu basirar da Allah ya tara a saman shagon fenti.

Mai Hoto ne ya fara. Da, duk Asabar yakan hau kekensa ya nausa bayan gari shi kaɗai, ya dawo da ƙura har gira, yana washe baki. Ranar da ya kawo keken, Yaya ya yi ta zagaya shi kamar zai saya. Bidiyon ya samu karɓuwa, aka yi na biyu, aka liƙa wa keken tambarin kamfani, aka tsara masa hanyar da zai riƙa bi saboda ta fi kyau a hoto. Daga ƙarshe Yaya ya ce keken zai ƙawata ofis, aka buga ƙusa aka rataye shi a bango saman kujerar baƙi. Yana nan har yau, tayoyin sun sace, sarƙar ta yi tsatsa. Mai Hoto kuwa ranar Asabar barci yake yi.

Anti kuma saƙa take yi, huluna da safar jarirai, ta raba wa 'yan'uwa. Tun da ta nuna nata, kwandonta ya koma zare kala biyu, kalolin kamfani, tana saƙa abin ɗora kofi da ake ba kwastomomi kyauta. Tana yi tana tsaki.

Ta Lungu ta ga wannan duka daga lungunta. Duk ranar da layi ya zo kanta sai ta ce, "Ni ba ni da komai, Yaya. In na koma gida kwanciya nake yi."

Ƙarya take yi. A bayan ɗakinta, kusa da famfo, akwai wani tsohon bokiti da aka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A cikinsa akwai curin yumɓu, irin wanda ake gina tukunya da shi. In ta dawo aiki takan cire takalmi, ta zauna a kan 'yar kujera, ta gutsuro yumɓun ta mulmula tsuntsu. Ba ta iya ba, kuma ba ta neman ta iya. Wani ya fito da wuyan raƙumi, wani ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, wani ka rantse akuya ce aka dasa wa fiffike. Takan kalle shi ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta sa tafin hannu ta latse shi, ta mayar da yumɓun cikin bokiti. Ba ta taɓa ajiye ko ɗaya ba. Shekaru ke nan curin nan ɗaya ne, kuma shi kaɗai ne abin da hannunta ke yi a duniya wanda ba mai leƙowa ta bayanta ya ce a ɗan gyara.

Mahaifiyarta ce ta tona ta. Wata Litinin Umma ta biyo ofis karɓar makullin gida, Yaya ya tare ta da zaƙin bakin nan nasa, ya zaunar da ita a ƙarƙashin keken, ya ba ta shayi da hannunsa.

"Umma, wannan ƙanwar tawa ba ta son gaya mana sirrinta. Wai me take yi a gida?"

"Wa, wannan?" in ji Umma. "Wasan ƙasa. Ƙatuwar mace da ita, ta zauna tana mulmula 'yan tsuntsaye kamar 'yar yaye. In ta gama kuma ta rushe. Na yi faɗan har na gaji."

Ta Lungu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Yaya kuwa kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha don murna.

Umma na fita ya ƙaraso lungun, ya zauna a gefen teburinta, a kan takardunta. "Alhamis ɗin nan taki ce, ƙanwata. Ki kawo mana guda ɗaya."

"Ba na ajiyewa, Yaya."

"To ki ajiye wannan."

"Ba abin nunawa ba ne. Ba su da kyau."

"Ni zan faɗi wannan, ai aikina ke nan." Ya yi murmushi, sannan ya rage murya. "Kin san nan gida ne. Wanda ba ya sakin jiki da 'yan gida, zama yakan yi masa wuya. Ba ina nufin komai ba ne."

Yana nufi. Ta san shi, ta kuma san cewa da aikin nan take riƙe da kanta da Umma.

Ranar Laraba da yamma ta zauna gaban bokitin. Ta gutsuro yumɓu, ta fara, sai ta ga hannunta yana abin da bai saba ba. Yana auna wuya. Yana daidaita ƙafafu. Ta ɗauko tsinke ta ja layin gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ankara ba sai ta tsinci kanta tana juya tsuntsun wajen haske, tana neman gefen da zai fi fitowa a kyamara.

Umma ta zo ɗiban ruwa ta tsaya a kanta. "Iko sai Allah. Yau kuma me ya faru? Wannan ai ya yi kyau."

Maganar ta soke ta har zuciya. Ta kalli tsuntsun, kyakkyawa, tsaf, ba abin dariya ko ɗaya a jikinsa. Ba a ma kai ga kafa kyamara ba, amma tamkar Yaya ya riga ya shigo bayan ɗakinta ya zauna a kan bokitin. Haushi ya turnuƙe ta, haushin Yaya, da na Umma, da nata na kanta wanda ya fi duka. A karo na farko ba ta latse ba. Ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya bushe, ta sa a kwalin takalmi.

Alhamis aka ture tebura. Mai Hoto ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya kunna fitila, bai ko kalle ta ba. Anti ta jera kofuna a kan abin da ta saƙa. Aka zaunar da Ta Lungu a tsakiya, ta buɗe kwalin, ta yaye tsumman.

Samarin nan biyu suka yi tafi. Yaya ya sunkuya, hannuwansa a baya, ya zagaya teburin kamar yadda ya zagaya keken.

"Kai, ƙanwata! Kina da wannan kika ɓoye mana?" Ya karkata kai. "Ɗan gyara kaɗan dai. Bakin ya yi gajere, ki ja shi. A ɗan ƙara masa ƙirji. In aka shafa masa rawaya, wallahi mun samu tsuntsun da masu abincin kajin nan ke nema a buhunsu. Kuma mako mai zuwa gidanku za mu je, mu ɗauke ki a gaban bokitin, Umma na gefe tana miki faɗa. Mutane za su mutu da dariya."

Ta Lungu ta ɗaga kai, idonta ya faɗa kan keken da ke bango, da yanar gizo-gizo tsakanin wayoyin tayarsa. Ta dubi Anti, Anti ta sunkuyar da kai cikin kofinta.

Sai ta ɗora tafin hannunta a kan tsuntsun ta danna. Yumɓun yana da laushi, ya bi hannunta ba gardama. Kai ya shige cikin ƙirji, fiffiken da ta ɓata yammacin jiya tana yi wa layi ya baje, laka ta fito ta tsakanin yatsunta. Ta tattara ta dunƙule shi curi guda.

Ofis ya yi tsit, har ana jin masu fenti a ƙasa suna jan gwangwani.

Yaya ne ya fara motsi. Ya tafa hannu da ƙarfi, idonsa na ƙyalli. "Wannan shi ne! Ku ga abin da nake faɗa! Ta gina, ta rushe da hannunta! Mai Hoto, ka samu fuskarta? Ƙanwata, sake gina shi maza, ko ba kyau, ki sake latsewa, amma a hankali, ki kalli kyamara."

Nan ne ta gane irin mutumin da take fama da shi. Ko fushinta ma yana da inda zai ɗora shi, da kiɗa a ƙarƙashi.

"A'a, Oga."

"Yaya," ya gyara mata.

"Oga," ta sake cewa. "Ina da yaya a gida, bai taɓa cewa in rushe abina a hankali don ya ɗauka ba. Abin da ke cikin kwamfutar can naka ne. Ka ce in mayar da ja kore, in mayar da kore ja, har tashin duniya, zan yi, ba za ka ji bakina ba. Wannan kuwa nawa ne. Ba na siyarwa ba ne, ba na nunawa ba ne, kuma ba ya son gyara."

"Ba wanda ya ce zai ƙwace miki."

"Haka ka ce wa mai keke."

Fuskar Yaya ta canza. Ya juya ga Mai Hoto. "Bar ta. Wanda ka ɗauka ya isa. Ka yanko daga inda ta ɗora hannu."

"Ban ɗauka ba," in ji Mai Hoto.

"Batir ne ya mutu?"

"Batir a cike yake. Ban dai ɗauka ba."

Anti ta kurɓi shayi da ƙara, irin kurɓar da ba ta taɓa yi a ofis ba. Samarin suka hau kallon silin.

"Za mu yi magana," in ji Yaya, yana nuna Ta Lungu da yatsa. "Ni da ke, ranar Litinin."

"Allah ya kai mu, Oga. Fostar masu kaji fa, a ƙara girman tambarin ko a rage?"

Yaya ya juya mata baya. Ya shige ofishinsa ya bugo ƙofa.

Ta naɗe curin a tsumma ta sa a jaka, ta koma lungunta ta ci gaba da fostar, laka na bushewa a ƙarƙashin faratanta tana zuba a kan madannan kwamfuta. Tsoro na nan, ba za ta yi wa kanta ƙarya ba. Ba ta san abin da Litinin za ta zo da shi ba, ba ta kuma san abin da za ta faɗa wa Umma in ya zo da mugun labari ba. Amma ko da aka ce ta koma ta sake, abin da za ta yi ke nan.

Da aka tashi, ta ga Mai Hoto ya taka kujerar baƙi da takalminsa yana kokawa da ƙusa. Keken ya sauko da ƙura, ya bar siffarsa a bango inda fenti bai koɗe ba. Ita ta riƙe masa ƙofa, ya sauka da shi a kafaɗa, tayoyin na reto.

"Ba zai hawu ba fa," ta ce.

"Akwai mai faci a kwana," ya ce, ya tura abinsa ya tafi.

A gida ta cire takalmi, ta jawo 'yar kujera, ta mayar da curin cikin bokiti ta cuɗa shi da sauran har ba a gane wanda ya je ofis. Sannan ta gutsuro. Da farko hannun ya so ya auna, ta ƙi shi, ta bar wuya ya tafi inda ya ga dama. Abin da ya fito yana da kai kamar ludayi, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, jelar ta fi jikin girma.

Umma ta leƙo da buta a hannu. "Ina mai kyan nan na jiya? Wannan kuma mene ne, kaza ko jaki?"

"Wallahi ban sani ba, Umma."

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har hawaye ya zubo, Umma na tsaye tana girgiza kai. Da ta gama kallonsa son ranta, ta ɗora tafin hannu ta latse shi, ta rufe bokitin da tsumma.