Iyakar Rakiya

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Kafin in kwanta na sake ce wa Saude a'a.

Saude 'yata ce ta fari, tana karatun kiwon lafiya a jami'a. An zaɓe ta cikin ɗaliban da za a kai Tanzaniya a wannan hutun, su yi 'yan makonni a wani asibitin ƙauye, suna koyo suna taimakawa. Tun kafin ta gaya mini har ta je ta aro akwatin Gwaggo Kulu maƙwabciyarmu, wanda tayarsa ɗaya ke kuka kamar an taka ɓera. Na ce ba za ta je ba. Ta ce, "Baba, ai kai ma ka je Mali kana ɗalibi." Na ce wancan zamani daban ne. Iyakar dalilin da na iya lalubowa ke nan, ni kaina na ji bai cika ba. Yau da safe za ta ba masu shirya tafiyar amsa, in ba haka ba a ba wata gurbinta.

A mafarkin, sai ga ni a bakin ruwa a Yauri, garin da aka haife ni, da rana tsaka. Kogin Kwara yana gudu da baya, ya nufi inda ya fito. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi ya tafi sama. Mata sun kife robobinsu a kan sanduna suna tara, wani mai lema ya shimfiɗa ta ya hau kai ya tsaya. Babu wanda ya damu. Ni ma abin da ya ɓata mini rai kawai shi ne wandona ya jiƙe, rigata a bushe. A hannuna na dama ina jan akwatin Gwaggo Kulu, yana ƙii-ƙii a bayana.

Ofishin tafiyar ɗalibai yana kan wata tsamiya, sai na hau da akwatin. Shugaban ofishin wani bunsuru ne mai tabarau da babbar riga, warinsa dai yana nan yadda ka san shi. Sakatariyarsa akuya ce, tana karɓar fasfo tana taunawa. Wanda ta cinye nasa ya samu biza ke nan, wanda ta tofar da nasa ya dawo baɗi.

Bunsurun ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Arzika, tafiya ko rakiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Duk mai riƙe da kayan wani haka yake cewa. An ba ka ruwa?"

"A'a."

"To leƙa randa ka buɗe baki."

Na leƙa, ruwan ya taso na sha. Ya buga mini kofato a goshi, ya ce in hanzarta zuwa Mali, tun jiya ake jira na.

Ban ga hanya ba. Ina saukowa daga tsamiyar ƙafata ta taka jar ƙasar ƙauyen nan na Mali, inda aka kai mu muna ɗaliban aikin gona, lokacin gashina baƙi wuluk. Noman shinkafa na ban-ruwa muka je gani, mu kuma gina musu aji. An ce taimako muka je yi. To mun ɗora bulo, mun kwaɓa siminti, ba zan tauye mu ba. Amma abin da na fi tunawa shi ne tuwon gero da miyar kuɓewa, da shayi mai kumfa a gindin mangwaro, da yadda na dawo gida wandona ya ƙi rufuwa.

Ajin da muka gina yana nan, har ya hayayyafa. Na gan shi yana tafiya bakin kogi shan ruwa, ƙananan azuzuwa na biye da shi, kowanne da ɗan allonsa. Ya wuce ni bai gane ni ba, abin ya ɗan sosa mini rai.

A gindin mangwaron na tarar da Zumana. Shi ne ɗan gidan da aka sauke ni, sa'ana ne, tabarma ɗaya muka yi ta kwana a kai. Ba ya jin Hausa, ba na jin Bambaranci, duk zamanmu da hannu da dariya muka yi shi. Ya ɗaga kifi ya faɗi sunansa da yarensu, in faɗa da namu, kowa ya yi wa ɗan'uwansa dariya kamar shi ne mai gaskiya. Ban taɓa yin abokin da maganarmu ta yi ƙaranci haka ba, ban kuma taɓa sakin jiki da wani kamarsa ba. Tun da na dawo ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ina kewarsa ƙwarai, ko matata ban taɓa gaya wa ba.

Yanzu gemunsa ya yi fari. Yana riƙe da kofi a ƙasa, buta a sama, shayin yana hawa daga kofin zuwa butar.

Ya ce, "Arzika, ka yi tumbi."

Na ce, "Ashe kana jin Hausa ka bar ni ina ta fama da hannu?"

"Ko kalma ɗaya. A nan wanda ba ku haɗa yare ba shi kake ji. Na gida ne ke buƙatar tafinta."

Na ga maganar ta yi daidai, na zauna muka sha shayi daga bakin buta. Na tambaye shi tsohuwarsa, wadda ke tura mini tuwo har sai na roƙe ta da Allah. Ya ce tana nan, ta zama ƙaramar yarinya, an sa ta a aji.

Ranar da zan bar ƙauyen a wancan lokacin, Zumana ne ya ɗaukar mini jaka ya raka ni bakin ruwa. Da muka isa na ga ba zan iya barin sa ya koma shi kaɗai ba, sai na raka shi gida. Muna isa gida ya sake saɓar jakar ya raka ni. Haka muka yi ta safa da marwa har mai jirgi ya tada inji yana faɗa, na faɗa ciki da gudu, na bar silifas ƙafa ɗaya a cikin laka.

Zumana ya nuna mini bakin kogi ya ce, "Ga takalminka can. Dusa muke ba shi."

Silifas ɗin ya girma ya kai kwalekwale, an ɗaure shi a jikin turke yana lilo. Zumana ya ce, "Taso in ƙarasa raka ka." Ya miƙa hannu zai karɓi akwatin, kamar yadda mai rakiya ke yi. Hannuna ya ƙi buɗewa. Ya dube ni, ya dubi akwatin. Muka shiga takalmin ya tuƙa.

Sai ga mu a kan wani faffaɗan yashi, jirage jere a bakin ruwa, injuna a kunne, babu wanda ya motsa. Mutane bibbiyu ne tsaitsaye, matafiyi da ɗan rakiyarsa, kuma kowane ɗan rakiya yana riƙe da kayan matafiyinsa. Bunsurun nan na ofis yana zagayawa da usur a wuya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ake jira?"

Ya ce, "Jirgi ba ya tashi sai ɗan rakiya ya miƙa kaya ya juya baya. Dokar ba tawa ba ce, na tarar da ita."

Kusa da ni akwai wani dattijo mai furfura, kurciya ta yi sheƙa a hularsa. Ya gaya mini kwas na hutu ɗaya za shi. Mahaifiyarsa na gefensa rungume da jakarsa, tana cewa, "Bari dai mu ɗan ƙara gaba." Ba su ƙara ko taku ba. Ƙafafunsa sun yi saiwa, har wani ya ɗaure jaki a jikinsa. Na yi dariya na ce wa Zumana wasu iyayen dai sai a hankali.

Zumana bai yi dariya ba. Ya nuna mini gabana da haɓa.

Saude ce tsaye, da farar rigar asibiti, hannunta a miƙe wajen akwatin. Ciyawa ta fara rufe mata takalmi. Ta buɗe baki ta yi magana, na ga leɓenta na motsi da Hausar da ni na koya mata, amma ƙii-ƙii kawai nake ji.

Na ce, "Zumana, me take cewa?"

"Ta ce hannunta ya gaji."

"Ce mata can ɗin da nisa. Ce mata ba ta san kowa ba, ba ta jin yarensu, ban san hannun wa za ta faɗa ba."

Ya ce, "Kai hannun wa ka faɗa?"

A daidai lokacin na ji ƙamshin hayaƙin banda. Na san ƙamshin nan tun ina rarrafe. Babana sana'arsa ke nan, bandar kifi, ko ya yi wanka ya sa rigar Juma'a sai ka ji shi a jikinsa. Ya rasu tun Saude tana goye, Allah ya jiƙansa.

Shi ne ya raka ni tashar mota a Yauri ranar da zan tafi Mali. Ya ɗauko jakata a ka tun daga gida. Da muka isa ya sauke ya ce, "Amshi kayanka ka tahi, Allah shi tsare." Ya juya ya tafi. Na leƙo ta tagar mota ina jiran ya waiwayo in ɗaga masa hannu, har muka sha kwana ƙeyarsa kawai nake gani. Na daɗe da wannan a raina. Na ɗauka ko a jikinsa, na riƙa ce wa kaina mutanen da haka suke, zuciyarsu a bushe.

To ga shi yana tahowa a kan yashin, da rigar nan tasa mai ruwan toka, da tafiyarsa ta sauri. Komawar nan ce ta ranar yake yi, bai isa gida ba har yanzu. Sai dai wannan karon ni ina gabansa, fuskarsa nake gani. Kuka yake yi. Hawayen ba sa gangarowa, sama suke hawa kamar ruwan ƙasar, su bi goshinsa su shige cikin hula. Hular ta jiƙe sharkaf, kumatunsa a bushe.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Kauce mini, Arzika, ban kai gida ba."

"Baba, me ya sa ba ka waiwayo ba?"

"Da na waiwayo, da ba ka tahi ba."

Na so in riƙe hannunsa, in ba shi labarin Zumana da tuwon gero, labarin da ban taɓa zama na ba shi ba don ina ganin bai damu ya ji ba. Amma hannun nawa yana kan akwati.

Ya dubi akwatin ya ce, "Wannan naka na?"

"Na Saude ne, jikarka."

"To mi kaka yi da shi?"

Bai jira amsa ba. Ya gyara hularsa ya wuce, ƙamshin hayaƙin ya bi shi. Bunsuru ya sa usur a baki yana duba na. Ciyawa ta kai wa Saude idon sawu. Na sa hannun hagu ina ɓamɓare yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, sun sandare kamar busasshen kifi. Zumana yana cewa in yi a hankali kar in karya. Akwatin ya fara kuka shi kaɗai, ƙii-ƙii, ƙii-ƙii, ƙarar tana ƙaruwa.

Na buɗe ido. Gari ya waye, rana har ta shigo ta taga, ƙarar kuma ba ta daina ba. Daga tsakar gida take zuwa.

Na fito ko takalmi ban sa ba. Saude ce ke jan akwatin ta nufi ƙofa.

Na ce, "Ina za ki da shi?"

Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Ta ce, "Zan mayar wa Gwaggo Kulu ne, Baba."

Kowace kalma na ji ta sarai. Na miƙa hannu ta sakar mini. Babu komai a ciki, ta kwashe kayanta, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na ɗan riƙe shi, sannan na buɗe hannuna, ya buɗu.

Na ce, "Amshi kayanki." Bakin Yauri ne ya fito mini, ban shirya ba. "Koma ki cika shi, ki kira su ki ce kina zuwa. Rakiya kuma iyakata tasha."

Ta ce, "Baba?"

Na riga na juya. Na ji ta tana kiran mahaifiyarta da ƙarfi, akwatin yana ƙii-ƙii ya nufi ɗaki. Ban waiwaya ba. Na ɗaga ƙafa na shige nawa ɗakin da sauri, don a nan ruwa ƙasa yake gangarowa, hula ba ta rufa wa kowa asiri.