Koren Kwando, Shuɗin Kwando

…kuma shi za a koya wa tsabta? Shi da ko tsinken ashana bai taɓa yarwa a ƙasa ba? Ga shi tsaye a ƙofar gida gaban kwandunan shara biyu, kamar mai jiran hukunci. Kore na ragowar abinci, shuɗi na roba da gwangwani — ya haddace tsaf. Amma wancan zuwan ma an manna musu jan tambari a ƙofa, wai an cakuɗa, motar shara ta wuce ta bar ƙudaje suna shagali. Na gaba kuma tara ce, in ji hukuma. Hukuma! Mutanen da ko kwatar bakin ofishinsu ba su iya yashewa ba…

"Baba, ku huta mana," in ji matar ɗansa, da muryar nan tata mai zaƙi kamar maganin tari. "In aka sake manna mana, maigadi zai riƙa fitarwa." Ku huta. An karɓe cefane, ya huta. An karɓe makullin mota, ya huta. Shara kaɗai ta rage masa a gidan da ya gina, ita ma a ƙwace? Ya zama me ke nan, kujera?

Marigayiya matarsa… a wurinta gwangwanin madara ya koma na awo, leda a wanke ta a shanya a igiya. Dariya ake mata, ana cewa rowa. Yanzu an raɗa wa rowar suna, wai kare muhalli, har maƙwabcin nan mai tumbi na samun rangwamen kuɗin shara, yana leƙowa daga bene: "Dattijo, an sake ba ku lambar yabo ne?" Ɗan iska. Shi da injin wutarsa ke turnuƙe layi da hayaƙi —

Ga ƙarar motar daga kwana. Gwangwanin kifi a hannunsa, ya wanke shi tas. Shuɗi. Na hagu ne shuɗin… ko masu motar sun sauya musu wuri? Da gangan suke yi, munafukai, don a ci mutane tara. Yana matsawa. Yana murza ido. Yana sunkuyawa har hancinsa na gogar murfi. Wannan toka-toka. Wancan ma… toka-toka. Rana ce ta koɗar da su? Sababbi ne fa. Kowa a layin nan daga nesa yake jefawa, ba ya ko tsayawa…

Ashe ba kwandunan ba ne, idanunsa ne.

Motar tana tsayawa. Hannunsa a sama da gwangwanin, tsakanin biyun.