Ƙararrawar Gidan Nama

"Soke sunanmu, 'yata," in ji Inna, tana nuna allon farashi da yatsa kamar ta kama ɓarawo. "Mun fasa ci. Yanka ɗaya na nama a ce ya kai cefanen gida na mako? Da zinari aka yi kiwon saniyar?"

Yarinyar da ke karɓar baƙi a ƙofar gidan gasa naman ta yi murmushin wadda ta saba jin irin wannan. Hular kaboyi ce a kanta, da jan ƙyalle a wuya, kamar sauran ma'aikatan wurin.

"Ba komai, Mama. Sai ki kawo ƙararrawar in kashe lambarku."

Ƙararrawar wani ɗan baƙin faifai ne mai ƙananan fitilu a gefe. Gidan naman yana tsakiyar wani filin wasan yara da shaƙatawa, kullum cike yake, don haka sai su ba mutum faifan ya tafi yawonsa. In tebur ya samu, faifan ya hau kuka da rawa yana walƙiyar ja. Auta ce ta karɓo shi ɗazu, kafin ita da mijinta su tafi da yara layin jirgin da ke wulwula mutane a sama. Ta damƙa wa babanta a hannu, ta ce, "Baba, riƙe mini wannan, amana ce." Ita kuma Inna aka rataya mata jakar Auta.

Inna ta juya don ta karɓo faifan. Bencin da ta bar mijinta a kai yana nan a gindin bishiyar roba. Gorar ruwansu tana kai. Malam ba ya nan.

Da farko ba ta ji komai ba sai haushi. Ta leƙa bayan bishiyar. Ta leƙa bayan rumfar mai sayar da balan-balan. Nan ma babu shi, sai haushin ya koma tsoro.

Mijinta mahauci ne, a kan teburin nama ya tsufa. Ita ce mai riƙe kuɗin sana'ar, shi ya sa tun suna da ƙuruciya yake ce mata Ma'aji, musamman in ta hana shi yi wa wani ragi. Yanzu kansa ya fara zuba kamar buhu mai huji. Sunayen jikoki ne suka fara tafiya, sai hanyar gida, sai ita kanta. An daɗe rabon da ta ji kalmar Ma'aji. Baiwar Allah yake ce mata, cikin ladabi, wani lokacin har ya tambaye ta ko ta ga matarsa. Amma ɗazu da suka biyo ta gaban gidan naman, hayaƙin gashi ya doke shi, ya tsaya cak yana ɗaga hanci. Auta ta gani, ta ce ai ko nawa ne a nan za a ci. Inna ta san albashin surukinta, shi ya sa ta bari suka ba da baya, sannan ta ce wa Malam kada ya motsa, ta je ta soke.

"Malam!" ta kira.

Maza huɗu suka waigo, ba nata a ciki.

Ta kutsa cikin jama'a. Ko'ina mutane, ko'ina kiɗa, kowane lungu da nasa. Wani mai sanye da kayan ƙaton beyar mai kan soso ya tare ta yana buɗe hannuwa zai rungume ta, ta ture shi har ya yi tangaɗi. Can sama jirgin ya faɗo da gudu, mutanen ciki suka kurma ihu gaba ɗaya, ihun da suka biya kuɗi don su yi. Inna ta dafe ƙirji. Ta laluba wayarta ta kira Auta, sai jakar da ke kafaɗarta ta hau ruri. Ba a hawa jirgin da waya.

Ta tsaya riƙe da wayoyi biyu, ba mai amfani ko ɗaya. Tsoro ya kama ta sosai. Akwai abin da ta sani wanda Auta ba ta sani ba. Watan jiya Malam ya sulale daga gida tana wanka, aka tsinto shi a tsakiyar babban titi, motoci suna kauce masa. Ba ta gaya wa yaran ba, don babban ɗansu ya riga ya fara maganar a mayar da Baba gidansa da ke da maigadi, ita ta huta. Ita kuwa ba hutu ta roƙa ba. To, ga babbar ƙofar filin can, a bakin titi take. Ga kuma tafki a hagu, inda yara ke tuƙa ƙananan kwale-kwale masu kan agwagwa, shingensa bai wuce cinya ba.

Ta cafke hannun wani mai tsaro mai rediyo a ƙugu.

"Ɗana, mijina ya ɓata."

"Mijinki, Mama?" Ya so ya yi dariya, ya ga fuskarta, ya haɗiye. "Ɗakin yaran da suka ɓata muke da shi. Babba ai yakan nemi kansa."

"Wannan ba ya neman kansa. Bai san inda ya ajiye shi ba."

Mai tsaron ya ciro rediyon. "Wane irin kaya ya sa?"

Inna ta buɗe baki. Ita ta yi masa wanka da safe, ita ta sa masa rigar, ita ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana ture mata hannu. Amma launin rigar ya ɓace mata fat. Ta ga maɓallan, ta ga wuyansa, ba ta ga riga ba. Sai wani sabon tsoro ya hau kan na farko: ko ita ma nata kan ya fara zuba ne?

"Ruwan toka," ta ce da ƙyar. "Ina jin ruwan toka ce."

"Mama, rabin kakannin da ke filin nan ruwan toka suka sa. In an kira sunansa a lasifika zai amsa?"

"Ba zai amsa ba. Ɓuya ma zai yi."

"Ba waya a jikinsa? Ba komai a hannunsa?"

"Ba komai sai wannan abin na gidan nama, mai…"

"Ƙararrawa? Tana hannunsa?" Mai tsaron ya gyara tsayuwa. "Koma maza a kira ta. Duk ma'aikacin filin nan ya san kukanta, ko a cikin barci. In dai ba a kashe lambar ba."

Inna ta manta tana da ciwon gwiwa. Takalminta ɗaya ya fice, ta dawo ta zura, ta ci gaba. Da bakinta ta ce a soke. Da bakinta, har da gatse.

"'Yata! Kin kashe?"

Yarinyar mai hular kaboyi ta ɗago. "Ban kashe ba, Mama, sai an dawo da ita ake kashewa. Lafiya?"

Inna ta faɗa mata a rikice, ƙarshe kafin farko. Yarinyar ta dubi na'urar da ke gabanta, ta dubi mutanen da ke tsaye suna jira, ta saci kallon manaja da ke can ciki yana yi wa wani faɗa.

"Akwai mutane da yawa a gabanku. Kuma in na kira, tebur ya zama naku, dole ku zauna ku ci. Haka dokar take, in ba haka ba ni za a cire wa a albashi."

"Kira. Ko saniyar gaba ɗaya za ku ɗora mini, kira."

Yarinyar ta danna. Ba abin da ya faru. Kiɗa bai tsaya ba, jirgin ya sake faɗowa, aka sake ihu.

"Tana kuka yanzu, duk inda take," in ji yarinyar. "Ba za ta yi shiru ba sai ta dawo nan."

Wannan bai kwantar wa Inna da hankali ba. Malam ba ya son abu ya yi ƙara a hannunsa. Kwanaki da wayarta ta yi ruri kusa da shi, cikin bokitin wanki ya jefa ta. Idan ya cilla faifan a kwandon shara ya ƙara gaba fa? Idan a tafki ya jefa, ya bi shi don ya ciro? Abu ɗaya ta kama ta riƙe: Auta ta ce masa amana ce. A zamaninsa mata sukan bar masa kwandunan cefane, har jarirai, su shiga cikin kasuwa, ko allura ba ta taɓa ɓata a rumfarsa ba. Ba ta san ko wannan ma ya zube tare da sauran ba.

Ta dafa sandar da aka ɗaura igiyar layi, tana addu'a, kalmomin suna harɗewa. Duk tsohon da ya ɓullo sai ta miƙa wuya, ta ga ba shi ba ne. Wata mata ta miƙo mata ruwa, ba ta ko lura ba.

Kukan ta fara ji kafin ta gan shi, wani siririn kuka mai naci. Sai jama'a suka dare. Wata mai shara ce, tsintsiya a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da gwiwar hannun Malam. Shi kuwa ya tallabo faifan da hannu biyu, nesa da jikinsa, kamar tukunyar da aka sauke daga wuta. Jan haske yana wasa a fuskarsa. Rigarsa shuɗiya ce. Wandonsa a jiƙe yake sharkaf har gwiwa.

"A matakalar kwale-kwale na same shi, bayan rumfa, inda ba a shiga," in ji mai sharar. "Ya fara sauka cikin ruwa, wai zai wanke hannu. Wurin da zurfi, Mama. Kukan abin nan ne ya sa na leƙa."

 Inna ta kama hannun matar ta matse.

Malam ya hana yarinyar faifan. "Ba naki ba ne," ya ce. "Amana ce."

"Mai shi ce ta aiko ta, Malam," in ji Inna. Ya dube ta, duban baƙuwa mai kirki, sannan ya saki.

Aka kai su tebur a lungu, ƙarƙashin wasu ƙahonnin roba. Inna ta zaɓi mafi arha, faranti ɗaya, shi ma sai da ta rintse ido.  Ta ƙasan tebur ta riƙe gefen rigarsa, ba ta da niyyar saki.

Naman ya zo a kan baƙin ƙarfe yana tsuwa, da ɗan dankali a gefe don kada ya ji kaɗaici. Hayaƙin ya tashi tsakaninsu. Malam ya ɗaga hanci. Ya ɗauki wuƙar, ya shafa bakinta da babban yatsa, ya yi tsaki. Ya juya naman, ya danna shi, ya nemi kwanciyar tsokar ya yanka a gicciye, siriri, hannun ko gezau. Ya tauna a hankali, ya daɗe yana taunawa.

"Ma'aji."

Inna ba ta motsa ba. Ko numfashi ta ji tsoron yi.

"Ma'aji, nawa suka ce?"

Ta gaya masa.

"Fashi ne da rana tsaka," ya ce, da muryarsa ta da, mai cika rumfa. "Tsohon sa ne, kuma ya kwana biyu a ƙanƙara. Ke da ko ƙashi ba a yi miki cuta, yaya aka yi suka same ki?"

"Tsautsayi ne, Malam."

"Tsufa dai." Ya yi dariya. Ya yanko gefen da ya fi laushi, ya tura shi ɓangarenta da bakin wuƙa, kamar yadda ya saba yi tun suna ɗaki ɗaya da risho. "Ci. An riga an cuce mu, kada a yi asara biyu."

Ta ci. Gaskiyarsa, kamar tana tauna takalmi. Hawaye suna zuba, tana taunawa, yana ta zagin sa da mai sa da wanda ya wasa wuƙar, tana gyaɗa kai tana neman ƙarin bayani.

A haka Auta ta same su, ɗankwali a karkace, yara suna ja mata riga. Idonta ya sauka a kan wandon.

"Inna, me ya sami Baba?"

"Zauna. Zan gaya miki duka, har da na watan jiya da ban faɗa ba. Amma ba yanzu ba."

Surukin ya ja kujera yana murmushi, bai lura da komai ba. "Har an fara ba mu? To, Baba, yaya naman? Ya ci kuɗinsa?"

Malam ya ajiye wuƙar a kan ƙarfen da ba komai. Ya dubi surukin, ya dubi yaran, ya juyo kan Inna. Ta ga abin yana janyewa daga idanunsa a hankali, ladabin nan na baƙo yana dawowa.

Ta ɗaga hannu sama, har awarwaronta ya zame zuwa gwiwar hannu.

"'Yata! Ƙaro mana wani."

"Inna, bari a kawo mai kyau, na saman allo," in ji surukin.

"A'a," ta ce, tana mayar wa Malam wuƙar a hannu. "Irin wannan ɗin dai. Marar kyaun."