Farar Ɓera Ta Karɓi Goyo

Ɓerayen da Dakta ke kiwo a ɗakin bincike ba irin na kwata ba ne. Baƙaƙe ne, kuma a jininsu akwai wata ƙwayar gado da ke sa su tsufa da wuri. Kafin su cika shekara gashi ya zube, baya ya ranƙwafa, sun manta hanyar da suka saba bi zuwa abinci. Da su take nazarin gigin tsufa. Ta yi shekaru tana haɗa wa da ƙanwa kafin zuriyar ta tsaya iri ɗaya, kuma babu wani ɗakin bincike da ke da ita.

Kuskuren da aka yi, sai masu wannan sana'a. Aikinsu jiran tsufa ne. Kowa ya zuba ido ɓerayen su tsufa a auna su, ba wanda ya ware matasa don haihuwa. Ko da aka farga, matan duk sun daina ɗaukar ciki, sai guda ɗaya. Ita ce ta haihu ran nan da safe.

Dakta ta leƙa kejin. 'Ya'yan jajaye ne, ba gashi, sun warwatsu cikin garin katako. Uwar tana ta zagaye, ta taka ɗaya ta wuce.

"Ta manta ta haihu," in ji Dogo, abokin aikinta, yana ɗaura takunkumi. "Malama, binciken naki ya yi kyau har ya yi yawa."

"In sun mutu, kai ma sai ka nemi abin aunawa."

Ta sa safar hannu ta taɓa su. Sun fara sanyi. Ta nufi kantar da ake jera kejuna ta sauko da kejin wata farar ɓera, lafiyayya, wadda ta haihu jiya.

"Wannan jarababbiyar?" in ji Dogo. "Karin kumallo za ki ba ta. Ko hannuna ba ta ƙyale ba."

"Hannunka ai kowa ya gani sai ya ciza. Da hanci take gane ɗanta, ba da ido ba. Riƙe min ita."

Ya ɗauke farar zuwa wani keji. Dakta ta dunƙule jariran a tafin hannunta har suka fara motsi. Ta ɗebo jiƙaƙƙen garin katako daga kusurwar da farar ke fitsari, ta murza wa kowanne a jiki. Ta rage 'ya'yan farar ta kai wa wata mai shayarwa, don nono ya isa, sannan ta cakuɗa baƙin da na gida a cikin sheƙa.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Dogo ya ciro ya kara mata a kunne. Maigidanta ne.

"Maman yara, kin tafi da makullin mota. Ke da ke binciken mantuwa."

"Hau babur, Baban yara. Ina karɓar haihuwa."

Aka mayar da farar, aka rufe keji. Ta shiga sheƙar tana shinshina, ta tsaya a kan ɗaya daga cikin baƙin, ta kama shi da haƙori a wuya ta ɗaga. Dogo ya kau da kai. Dakta ba ta ƙifta ba. Farar ta juya shi, ta lashe shi daga kai zuwa wutsiya, ta tura shi ƙarƙashinta, ta kwanta.

Da la'asar Dakta ta sake dubawa. Fatar jaririn ɓera siririya ce, ana hango abin da ke cikinsa. A cikin kowanne akwai farin ɗigo na nono.

Bayan mako guda gashi ya fito, baƙaƙe a tsakiyar farare. Da suka yi ƙwari ta ɗan tsinki fatar kunnen kowanne aka sa a na'ura. Sakamakon ya fito a allon kwamfuta: duk suna ɗauke da ƙwayar gadon, kuma akwai maza akwai mata.

Dogo ya daɗe yana kallon allon. "To, na janye maganar karin kumallo."

"Janye ta a gaban Farfesa, shugaban sashenmu," in ji Dakta, tana cire safar hannu. "Kira shi. Ka ce ya sauko da ƙafarsa ya gani."