Wasiƙar da Aka Ce Kar a Aika

"Baiwar Allah, a hankali mana! Shagon za ki rushe min?"

Ban ko ɗago ba. Ina durƙushe gaban teburinsa, in ɗauki littafi in kama bangonsa in kaɗa, in jefar, in ɗauki wani. Mai tsofaffin littattafai ya tsaya a kaina riƙe da ƙugu. Ƙanwata Auta tana bakin ƙofa tana wasa da makullin mota.

"Mai jan bango ne," na ce. "Labarin matar da ta gudu a jirgin ruwa. Shekaranjiya aka kawo shi a kwali. Akwai takarda a ciki."

"Yaya, wai takardar mece ce?" in ji Auta. "Ko wani ne ya rubuto kike ɓoye mana?"

Me zan ce mata? Shekara shida ke nan ina jinyar Mama, tun da ɓarin jikinta ya shanye. Wanka, magani, juyi a kan gado, wankin zannuwa, in hau keken ɗinki in sauko in sake daga farko. Idonta ya yi rauni, abokan hirarta biyu ne: rediyon da ke gefen matashinta, da ni, idan ina karanta mata littafin labari da yamma.

Kwanan nan na ƙara da wasu littattafan, irin masu alkawarin gyara wa mutum rayuwa cikin kwana talatin. Su ni kaɗai nake karantawa, a tsaye a kicin, tukunya na tafasa. Na farko ya ce in riƙa yi wa madubi murmushi kullum safe. Na yi kwana biyu, fuskar ta ba ni tausayi, na bari. Na biyu ya ce in rubuta wa wanda ya fi tsaya min a rai wasiƙa, in amayar da komai, amma kar in aika. Na rasa takarda, na jawo ta asibitin Mama, mai sunanta da adireshin gidanmu, na cika bayanta. Na ninke, na cusa a littafin da muka gama karantawa. Na uku kuwa cewa ya yi duk abin da na gama da shi in fitar da shi daga ɗaki, zuciya ta sha iska. Na cika kwali, Auta ta kawo nan.

"Ni ƙa'idata, duk littafin da ya shigo sai na kaɗa shi," in ji mai shagon. "Ga gwangwani can, duba."

Na juye gwangwanin. Hotunan mutanen da ban sani ba, tikitin mota, busasshen fure. Babu tawa.

Ya sosa ƙeya. "Sai dai fa... kwalin naku yana ƙasa ban taɓa ba, wata mata ta tsinci uku ta tafi. Kamar har da mai jan bango."

"Wace ce? A ina take?"

"Jefi-jefi take zuwa. Mai tabarau. Muryarta dai kamar na santa, amma na rasa daga ina."

A mota na gaya wa Auta. Ban gaya mata duka ba, layin farko kawai: Mama, na gaji. Ban faɗa mata inda na rubuta cewa akwai ranar da na tsaya bakin ƙofar ɗakin ina sauraron numfashinta, ban san me nake fatan ji ba.

Auta ta fara da dariya. "Wato wannan ya ce ki rubuta ki ɓoye, wancan ya ce ki zubar. Malaman naki ba sa shawara da juna ne?"

Da ta ga fuskata dariyar ta ɗauke. Sai da muka wuce danja biyu ta ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Yaushe? Ranar Asabar da kike zuwa da lemo ki ɗauki hoto da ita?"

Ta mayar da ido kan titi har muka iso gida.

Mun tarar da Mama ta zame daga kan matashi, rediyo na ta surutu a kunnenta. Na tallabe ta na gyara, bayana ya amsa kamar kullum.

"Kun daɗe," ta ce. "Na zaci kun sayar da ni ne kun manta ba ku kai kaya ba."

"Wa zai saye ki, Mama, da wannan bakin?" in ji Auta.

"Ubanki ya saya, bai yi kuka ba." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "'Yar nan, yau ki sake karanta min na matar jirgin ruwa. Ita dai ta samu ta tafi abinta."

Na ce to. Na fita tsakar gida na tsaya gaban igiyar shanya, na rasa me na fito yi. Wataƙila matar ta jefar da takardar. Wataƙila ba ta ma buɗe littafin ba. Mutum nawa ke sayen littafi su ajiye?

Sai aka yi sallama.

Mata ce mai tabarau, jan littafi a hammatarta, ƙaramar na'urar ɗaukar murya a hannunta. Ta dubi lambar gidan, ta dubi takardar da ke tsakanin yatsunta.

"Ke ce kika rubuta wannan? Sau huɗu na karanta, sau huɗu na yi kuka. Mata dubu ne ke cikin halinki ba su da bakin faɗa. Gobe da yamma za mu sa ta a shirinmu na rediyo, na riga na miƙa. Na zo ne ki..."

Na ɗaga hannu in rufe mata baki, amma na makara. A ɗaki rediyo ya yi tsit.

"Wa nake ji haka?" Mama ta ɗaga murya, da murnar da na shekara ban ji ba. "Wannan ai mai shirin wasiƙu ce! Shigo da ita, 'yar nan, shigo da ita!"