Minti Ukun Hambali

Ni Saude, ni na goyi Hambali a bayana, don haka idan na ce ƙanena wawa ne, ba wanda zai gyara mini magana. Mai kirki ne, ba ya hana kowa abin hannunsa, amma idan aka ɗora shi a kan ƙa'ida, ko gini zai rufto masa ba zai matsa ba.

Ubanmu ya rasu muna ƙanana. Kawu Sammani, yayan mahaifiyarmu, shi ya kwashe mu zuwa ƙauyensu a gefen Bunkure, ya ci da mu, ya aurar da mu. Da gwamnati ta kawo ruwan Tiga aka yanka kanal, Kawu ya ɗauki gonarsa mafi kyau, wadda ke bakin ruwa, ya ba Hambali. A kanta Hambali ya yi arziki da tumatir da alkama, ya je Makka, ya koma Kura ya gina gidan siminti. Ni kuwa da mijina ya rasu na dawo gidan Kawu ina turara shinkafa ina kula da shi. A duniya Hambali ba shi da abin da yake nema kamar Kawu ya sa masa albarka.

A shekarar tamanin da huɗu wani Bature mai aikin kanal zai koma ƙasarsu, Hambali ya sayi motarsa. Doguwa ce, ruwan toka, man gas take sha ba fetur ba. Kafin sati ya haddace ta kamar karatun allo: silinda huɗu, ƙarfin doki tamanin, a juye baƙin mai duk kilomita dubu biyar, a busa filta ranar Juma'a. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya gaya maka silinda nawa ce.

Bala'in daga wurin Lukmanu bakanike ya fito. Ya buɗe gaban motar ya nuna wa Hambali wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, ya ce sunansa turbo. A cikinsa akwai 'yar fanka da hayaƙin inji ke juyawa, tana tura iska, shi ya sa motar take feɗuwa idan ta ɗau gudu. Ya ce fankar tana yin ja don zafi, baƙin mai ne ke sanyaya ta, idan aka kashe inji nan take man zai tsaya ya ƙone a ciki, kuma a wannan zamani na tsuke bakin aljihu ba a shigo da irinta. Maganin abin, duk inda aka tsaya a bar inji yana aiki a hankali minti uku kafin a murɗe makulli. Sai dai silon motar bai zauna ba, da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu, abin gyaran kuwa sai daga Turai. Ke nan dole mai mota ya zauna a ciki, ƙafarsa a kan totur, har lokacin ya cika. Ranar Hambali ya sayi agogon hannu.

Ya zo nuna wa Kawu mota bayan sallar la'asar, mutanen masallaci duk suna kan tabarma a ƙofar gida. Ina leƙe daga zaure. Kawu, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, wanda ko dagaci ya zo ba ya tashi, don murna ya dogara sanda ya miƙe, ya tako har jikin motar. Me Hambali zai yi? Ya ɗago masa yatsu uku ta taga, ya mai da ido kan agogo. Kawu na tsaye. Liman ya yi gyaran murya. Wani ya kawar da kai yana kallon bishiya kamar yau ya fara ganinta. Ni a zaure ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin minti ukun su cika Kawu ya juya, ya wuce ni, ya shiga ɗaki ya saki labule.

Hambali ya fito ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin labulen yana bayanin fanka da baƙin mai. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce daga ciki, "Doki tamanin, kuma a cikinsu ba wanda aka koya wa gaisuwa."

Na ja shi gefe na wanke shi tas. Na ce ya ajiye motar nesa mana, ya tako da ƙafa kamar ɗan halak. Ya gwada. Ya bar ta a bakin kanal, yana cikin tafiya shanun wani makiyayi, Jaji, suka gangaro shan ruwa, wani bijimi ya ga fuskarsa a jikin ƙofa ya kai wa kansa tunkuyi. Hambali ya koma da gudu, bai ma iso gidan ba. Ya gwada ɗora dutse a kan totur. Motar ta yi wata irin kururuwa, baƙin hayaƙi ya rufe unguwa, kajina kwana biyu ba su yi ƙwai ba. Na ce ya sa wani ya taka masa. Ya ce ƙafar kowa ba ta san awon ba.

Dabararsa ta ƙarshe ita ta ƙarasa ɓata komai. Ya tsaya a bayan gari, ya yi minti ukunsa, ya kashe, ya tara majiya ƙarfi su turo shi har ƙofar Kawu don ya fito nan take. Bai san idan inji a kashe yake birki ba ya ci ba. Hanyar kuma gangare ce. Suka zo suka wuce ƙofar gidan, Hambali a ciki yana ɗaga hannu yana sallama, maturan na bin sa a baya, motar ba ta tsaya ba sai a tsakiyar fangalin albasar Kawu da aka yi wa ban ruwa da safe. Sai da aka ɗauro shanun huɗa aka jawo ta.

Daga nan abin ya zama na gari. Tun daga Bunkure har Madobi, idan manomi zai ce wa ɗan'uwansa ya buɗe ruwa ɗan lokaci, sai ya ce a ba fangalin nan Hambali biyu. Mata suna dafa ƙwai da shi. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na taɓa ce wa mai sayen shinkafa ta jira ni Hambali ɗaya. Kowa dariya yake, ban da mutum biyu. Kawu da ya jiyo feɗuwar motar daga nesa sai ya naɗe buzunsa ya shige ɗaki. Buhun alkamar da Hambali ya aiko, ya sa aka mai da. Hambali kuwa ya rame, na rantse wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Yakan ce mini, Yaya, ki roƙar mini shi. Nakan ce ya sayar da motar. Sai ya ce ai injin ba shi da laifi, ko ɗigon mai ba ya zubarwa.

Bayan girbin alkama Kawu ya kwanta. Ba wani ciwo ba ne, tsufa ne ya gama aikinsa. Ran kwana na tara, da hantsi, ya buɗe ido ya ce in aika a kira masa Hambali, yana so ya ga fuskarsa ya yafe masa kafin ya tafi. Na tashi maƙwabcinmu Baballe a kan babur, na ce ko gonar wa zai keta ya keta.

Ba a daɗe ba na jiyo feɗuwar, ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Daga baya aka gaya mini yadda ya biyo titin kanal, masu keke suna faɗawa cikin ciyawa. Motar ta ci birki a ƙofar gida. Kawu ma ya ji. Ya juyo da ido ya ce, "Ya iso?"

Na ce ya iso, Kawu. Na tsaya ina jiran ƙarar takalmi a zaure. Shiru, sai gurnanin inji.

Ko mayafi ban ɗauka ba na fita. Yana zaune, hannu ɗaya a sitiyari, hawaye na zuba har gemunsa, idonsa a kan agogo. Na daki gilashin da tafin hannuna har ya yi mini zafi. Ya sauke shi kaɗan.

"Yaya, a guje na taho, yau ta fi kullum zafi. Saura biyu da rabi."

"Hambali, numfashinsa ya kusa ƙarewa. Fito."

"Ki ce masa ga ni nan. Don Allah ki ce masa ga ni nan."

Na kai hannu zan zare makullin, ya riƙe mini wuyan hannu. Ƙanena da na goya. Bai saki ba. Na fizge na koma ciki da gudu, don ba zan bar tsoho shi kaɗai ba. Na tarar idonsa a kan labule. Ya ce, "A ce ya shigo mana." Sai ya shiga kalmar shahada, na kama masa. Injin bai yi shiru ba sai da na rufe masa ido.

Hambali ya shigo ba takalmi, ya durƙusa ya kama ƙafafun Kawu yana bayani, wai minti ukun sun cika, ya kashe ta, ga shi ya zo. Da ya gane, ya ɗago ya tambaye ni ko Kawu ya furta cewa ya yafe. Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma gawa na gabana. Na ce da safe ya ce zai yafe idan ya gan ka, abin da ya faɗa a ƙarshe kuwa a ce ka shigo.

Ran sadakar bakwai Lukmanu ya zo ta'aziyya. Ina zaure ina miƙa kwanukan abinci, ina jin su. Wani a tabarma ya ba shi labarin yadda aka yi. Lukmanu ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa ya dubi Hambali.

"Haba Alhaji. Ai sau ɗaya ba ya komai. Ko sau goma ka kashe ta da zafi ba abin da zai same ta. Mai yin haka kullum nake nufi."

Hambali ya ce, "Ba ya komai?"

Lukmanu ya ce ko kaɗan.

Hambali ya miƙe, ya wuce takalmansa, ya buɗe motar ya zauna ya rufe ƙofa. Bai tayar da ita ba. Aka kira azahar aka idar yana ciki, aka kira la'asar, sai da liman ya je da kansa ya ƙwanƙwasa masa gilashi.