Darma a Kwat ɗin Ervino

Ƙusar bayan ƙofa Nives ta fara kalla da shigowarta, sai ta ga wayam. Kwat ɗin mijinta ba ya nan.

Ta dire burodin da ta sayo a kan tebur, ta leƙa ɗaki, ta leƙa madafa tana kira, "Ervino! Ervino!" Shiru. Ga kofin gahawarsa nan ko rabi bai sha ba, har yanzu da ɗuminsa. A waje kuwa bora, muguwar iskar hunturun garin nan, sai gurnani take yi, tana jijjiga tagogi kamar za ta ɓalle su.

Ta fito kan matakala ta buga ƙofar maƙwabciyarta Jolanda, wadda ko kyanwa ba ta wucewa a layin nan ba ta gani ba.

"Jolanda, kin ga tsohon nan nawa?"

"Na gan shi mana. A wannan iska ina zan zauna in ba bakin taga ba? Wani ne ya wuce yana ihu wai jiragen ruwa na tsinke igiya a gadar bakin teku. Kafin ya rufe baki mijinki ya sauko kamar saurayi. Ya ce in gaya miki ki ɗora miyar wake, yanzu zai dawo."

"Da wane kwat ya fita?"

"Ke kuwa, kwat nawa gare shi? Baƙin nan dai."

Nives ta juya ta fara sauka matakala da gudu.

Ervino irin mutanen nan ne da in ka ce masu ga rami sai sun taka sun tabbatar. Masunci ne, shekarunsa sun haura sittin. Bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya tashi a rame, duk nauyinsa ya tafi. A farkon hunturun nan bora ta sure shi a kwanar kasuwar kifi ta maka shi da bango a gaban jama'a. Sai Nives ta ce ya riƙa sa dutse a aljihu, yadda mata da yara da duk wani tsoho mai hankali ke yi a Trieste in iskar ta taso. Wayyo, da ma ba ta faɗa ba!

"Ni? Dutse a aljihu?" in ji shi. "An haife ni ƙarƙashin tutar sarkin Ostiriya, lokacin da jirage ke rasa wurin tsayawa a tashar nan. Italiya ta zo, Jamus ta zo ta tafi, ga waɗannan na Ingila da Amurka suna ta cika mana titi da motoci. Duk cikinsu ba wanda ya gusar da ni daga inda nake, sai iska? Kai wa 'yan makaranta dutsenki."

To, sai ta yi abin da mata suka saba yi da irin waɗannan maza. Ta jawo tsohon tarunsa daga ƙarƙashin gado, ta yayyanke darmar da ke bakinsa. Duk ranar da ya kwanta barcin rana sai ta farke shafin kwat ɗin, ta cusa ɗaya ko biyu, ta ɗinke. Kaɗan-kaɗan take yi don kada ya farga, bai kuwa farga ba. Ta sha ganinsa yana gyara kafaɗa in ya sa kwat ɗin, ya yi shiru, ita kuwa tana dariya a ciki. Tun daga nan bora ba ta sake kayar da shi ba.

Abu ɗaya ne ba ta hango ba. Ya yi wa likita alkawari ba zai taka jirgi ba sai bazara, ita kuma don wauta ta yarda da alkawarin masunci. A kan titi darma tana tsare mutum. A kan ruwa kuwa, ai ita 'yar masunci ce, matar masunci, ta san aikin darma: ta ja taru zuwa ƙasa. In Ervino ya zame da wannan kwat, ko hannu ba zai ɗaga ba.

"Ina za ki?" Jolanda ta yi ihu a bayanta. "Nives, kin haukace ne?"

Nives ta riga ta kai ƙofar ƙasa.

Tana fitowa iskar ta mare ta a ƙeya. Bora daga duwatsun bayan gari take gangarowa, kuma ba ta san wani wuri ba sai teku. Duk abin da ta tarar a hanya can take kai shi, hula ce, tukunyar fure ce, jinkar gida ce. Titunan tsohon gari su ma duk teku suke kallo, kamar da gangan aka shata mata hanya. Nives ta damƙi igiyar da hukuma ke ɗaurawa a gefen titi a irin wannan rana, duwatsun aljihunta biyu suna bugun cinyarta, ta fara gangara.

Ɗan garin nan ya san bora ba ta busawa a miƙe. Takan naushi gari, ta ja baya ta numfasa, ta sake nausa. A cikin wannan numfashin ake tafiya. In ta nausa Nives ta rungume igiya ta sunkuyar da kai, in ta numfasa ta ruga. A wata kwana ta ga wani sojan Amurka ya saki igiya zai bi hularsa, iska ta kwashe masa ƙafa ya tafi da gindi a kan ƙanƙara. Da wata rana ce, da ta yi dariya har da hawaye. Yau ko waiwaye ba ta yi ba, addu'a kawai take yi, tana haɗawa da zagi.

"Ya Ubangiji ka tsayar da shi a kan gada. Tsohon banza, mai kunnen ƙashi! Ya Ubangiji kada ka bar shi ya hau."

Ta wuce manyan ɗakunan ajiyar kaya na zamanin sarki, waɗanda yanzu ɓeraye ne masu gidan, ta ɓullo bakin teku. Nan igiyar hukuma ta ƙare. Gaba sai gadar dutse, doguwa, ta kutsa cikin ruwa, feshin teku ya daskare a kanta tana sheƙi. Tekun ya yi fari fat, iska na yayyage samansa tana watsawa.

Dushan mai gadin gada ya leƙo daga bukkarsa. Ƙato ne daga ƙauyukan kan dutse, sun san juna tun suna matasa.

"Uwargida Nives! Me ya fito da ke?"

"Ina yake?"

"Yana can wurin jirginsa. Wallahi na hana shi, har riƙe shi na yi. Ya ce in na sake taɓa shi zai gaya wa duniya ban iya iyo ba. Shigo ki jira, igiya ɗaya kawai zai ƙara."

"Ya hau?"

Dushan ya kare ido da hannu ya duba. "Ya hau."

Nives ta zura hannu a aljihu, ta fiddo duwatsunta biyu ta ajiye a bakin bukkar. Dushan ya bi ta da kallo baki buɗe, don bai taɓa ganin wanda ya rage nauyi zai shiga bora ba. Amma ita ma kan ruwa za ta. Ta durƙusa, ta kwanta rub da ciki, ta fara jan jiki a kan ƙanƙarar daga wannan turken ƙarfe zuwa wancan. Ta ji Dushan a baya yana tsine wa duk masuntan duniya, ashe shi ma ya biyo ta da rarrafe.

Ga jirgin nan, ƙarami, shuɗi, iska ta ture shi daga jikin gada har igiyoyinsa sun miƙe suna kuka. Ga Ervino a kansa cikin baƙin kwat. Ya riga ya ɗaura sabuwar igiyar, ya taka bakin jirgi, yana auna ratar da ke tsakaninsa da gada. Jiran numfashin iska yake yi ya yi tsalle.

Nives ta rungume turke, ta tattara duk muryar da Allah ya ba ta.

"Ervino! Cire kwat!"

Sa'arta ɗaya, iskar daga bayanta take zuwa, ta kai masa maganar har kunne. Ya ɗago ya gan ta kwance a kan gada, fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki yana faɗa, yana nuna mata hanyar gida, amma tasa muryar teku ta nufa, ko kalma ba ta iso ba.

"Na ce ka cire kwat ɗin!"

Ya ɗora yatsa a gefen kansa ya murza. Wato ita ce mahaukaciya! Wa zai tuɓe riga a wannan sanyi? Ya juya ya sake gyara ƙafa. Nives ta ji ƙarar iskar ta fara sauka, numfashin na zuwa, kuma ta san mijinta ba ya ɓata numfashin bora.

"Akwai darma a ciki!" Muryarta ta tsage. "Darmar tarunka! Ni na ɗinka! Taɓa ƙasan rigar ka ji!"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin jirgi. Ya sunkuya a hankali ya kama ƙasan kwat ɗin, ya matsa nan, ya matsa can, ya bi shi har baya. Sannan ya ɗago ya dube ta. Shekara da shekaru suna tare, ba ta taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba, kuma ba ta gane ko fushi ne ba.

Numfashin ya wuce, bora ta sake nausa. Jirgin ya karkata, Ervino ya faɗi a kan gwiwa ya riƙe igiya. A durƙushen ya shiga ɓalle maɓallai da yatsun da sanyi ya sandarar, ɗaya ya ƙi, ya fizge shi da ƙarfi. Ya zare hannu ɗaya, ya zare ɗayan. Kwat ɗin ya suɓuce ta gefen jirgi. Iskar da ke ɗaga jinkar gida ba ta iya ɗaga shi ba. Ya faɗa ruwa, kafin ƙiftawar ido babu shi babu alamarsa.

"Uwar Yesu!" in ji Dushan a bayanta.

Yanzu ga tsoho a cikin 'yar rigar ulu, siriri, iska na kaɗa shi. Suka jira. Da ƙarar ta sake sauka, Ervino ya miƙe ya yi tsalle.

Bai kai ba. Ƙirjinsa ya bugi bakin gada, ƙanƙara ta zame masa, ya tafi cikin ruwa har wuya, amma hannunsa ɗaya ya kama igiyar jirgi. Ruwan ya ɗago shi, ai ba abin da ke jan sa ƙasa. Nives ta saki turke ta cafki wuyan rigarsa, Dushan ya cafki ƙafafunta, suka ja, suka ja, tana ihu shi ma yana ihu, har suka zube su uku a kan dutse.

A bukkar gadi Dushan ya tuɓe wa Ervino jiƙaƙƙun kaya, ya naɗe shi da bargo a gaban murhu, ya ɗura masa gahawa mai zafi. Nives ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran faɗa. Ta shirya masa, har amsoshi ta tanada. Amma da haƙoransa suka daina karo, a hankali ya yi magana.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar kasuwar kifi."

"Kaɗan-kaɗan?"

"Kaɗan-kaɗan. In na faɗa maka ai ba za ka sa ba, kai ma ka sani."

Ya ja bargon ya ƙara rufe kafaɗunsa.

"Duk sanda na sa shi sai in ji ya fi na jiya nauyi," in ji shi. "Na ce shi ke nan, ciwon ne ya dawo yana cin ƙarfina. Mutumin da rigarsa ma ta fi ƙarfinsa, me ya rage? Ban gaya miki ba don kada hankalinki ya tashi. Har wurin fada na je a coci, na gyara tsakanina da Ubangiji." Ya goge hanci da bargo. "Jirgin nan ma ba don kaina na fito ba, Nives. Na ɗauka ba zan ga bazara ba. Na ce kada in tafi in bar ki ba ki da ko abin sayarwa."

Ta tuna yadda yake gyara kafaɗa ya yi shiru, ita kuwa tana dariya a ciki. Duk hunturun nan mijinta yana yawo da mutuwarsa a kafaɗa, kuma ita ta ɗinka masa da hannunta. Ta durƙusa ta kama ƙafafunsa masu sanyi tana murzawa, tana kuka, ta kasa ɗaga kai.

"To, ya isa," in ji shi. "Kin jiƙa ni, teku ma bai yi haka ba."

Dushan ya yi gyaran murya, ya ciro tsohon kwat ɗinsa daga jikin ƙusa ya miƙa masa. Ervino ya zura, ya nutse a ciki. Da suka zo fita ya tsaya a bakin bukkar, inda duwatsun Nives biyu suke ajiye. Ya sunkuya ya ɗauka, ya jujjuya su a hannu. Ya ba ta ɗaya, ya jefa ɗayan a aljihunsa.

"Kada Jolanda ta ji," in ji shi.